DAGA BAKIN NILU: Jinka Ɗaya, Ɗarikoki Biyar

  A wannan fitowa za mu leƙa gidan maƙwabta ne, saboda wani al'amari da ke gudana tsakanin Kiristocin ƙasashen Turai, wanda muke ganin bai kamata magidanci Musulmi ya ji shi ya wuce ba, balle wanda yake da ɗa ko ƙane a can.

Al'amarin shi ne, ɗarikokin Kirista waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru kowace tana da ɗakin ibadarta, wasu ma har jini ya zuba a tsakaninsu, yanzu suna tattara kayansu suna komawa ƙarƙashin rufi guda. Wannan ɗaki da mutanen Nijeriya ke kira coci, littattafai su ce majami'a, mu kuma a nan Mai Wurno muke ce masa kanisa, ya zama kamar gidan haya: wata ɗarika ta shiga da hantsi, wata ta jira sai bayan azahar. Ba wai malamansu sun zauna sun warware saɓanin aƙida ba. Har gobe cocin Katolika bai yarda mabiyansa su haɗa cin jibi da 'yan Furotesta ba, sai a wasu halaye ƙalilan. Abin da ya haɗa su shi ne kujeru sun yi yawa, mutane sun yi kaɗan, rufi kuma yana yoyo.

Mu fara da Ingila, inda aka yi wa abin doka. A shekarar 1969 majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta ba ɗarikoki biyu ko fiye damar ƙulla yarjejeniya a rubuce ta yin tarayya a gini ɗaya. Dokar ta taɓo wanda ya mallaki ginin, da yadda za a raba ɗawainiyarsa, har da yadda kowace ɗarika za ta ɗaura aure a cikinsa bisa tsarinta, hukuma kuma ta amince. Fitaccen misali yana garin Milton Keynes, sabon birnin da gwamnati ta shata a 1967 a arewa da Landan. A tsakiyar garin akwai majami'a mai ƙubba wadda aka buɗe a 1992, Sarauniya Elizabeth da kanta ta halarta. Ɗarikoki biyar ne suka haɗu a kanta: Angalika, da Katolika, da Metodis, da Baptis, da wata ɗarikar Furotesta da ita ma daga haɗewar wasu ƙanana ta samu. Ƙofa ɗaya suke shiga, wuta da ruwa kuɗi ɗaya ake biya.

Iyayenmu mata ba sa bukatar dogon bayani a nan, don sun fi kowa sanin yadda ake raba madafa ɗaya tsakanin uwargida da amarya. Duk gidan da aka zauna lafiya, za ka tarar an san ranar girkin kowa, an san tukunyar kowa, an kuma san wanda zai sayi itace idan ya ƙare. Haka waɗannan majami'u suke. Akwai kwamitin haɗin gwiwa, akwai jadawalin lokuta manne a bakin ƙofa, akwai ma'ajin da kowace ɗarika ke kulle kayanta. Katolika suna ajiye gurasar jibinsu a wani akwati da suke girmamawa, da fitila tana ci a gefensa dare da rana, alhali Baptis ba su san wannan ba, har wasunsu na ƙyamarsa. To, sai an zauna an yanke inda za a kafa akwatin. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke cin lokacin kwamiti, su ne kuma ke nuna ko zaman zai ɗore.

Me ya kawo haka? Alƙaluma sun isa amsa. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2001, kusan kashi 72 cikin 100 na jama'a suka ce su Kirista ne. A 2011 suka koma kashi 59. A 2021 suka faɗo kashi 46, karo na farko da suka gaza rabi, yayin da masu cewa ba su da addini suka kai kashi 37. A Sikotland abin ya fi haka, domin a ƙidayar 2022 fiye da rabin jama'a ne suka ce ba ruwansu da kowane addini. Babbar ɗarikar ƙasar, wadda a shekarun 1950 take da mabiya masu rajista kimanin miliyan 1.3, ta dawo ƙasa da 300,000, tana ta sa gine-ginenta a kasuwa.

A Jamus kuwa lissafin ya fi fitowa fili, saboda can gwamnati ce ke karɓar wa coci haraji. Duk wanda ya yi rajista da Katolika ko Furotesta, ana ƙara masa kashi 8 ko 9 cikin 100 a kan harajin da yake biya na albashinsa, a miƙa wa ɗarikarsa. Wanda ya gaji sai ya je ofishin hukuma ya sa hannu cewa ya fita. A 2022 kaɗai mutum fiye da 520,000 suka fita daga Katolika, kimanin 380,000 kuma daga Furotesta, kuma a wannan tsakanin ne jimillar mabiya manyan ɗarikokin biyu ta gaza rabin al'ummar ƙasar. Kowane sa hannu guda raguwar kuɗin shiga ne. Ginin dutse mai shekara 500 kuwa ba ya rage cinsa don mutane sun ragu. Hasumiya na son gyara, ga kuɗin ɗumama ɗaki a lokacin hunturu, wanda mu mutanen ƙasar zafi ba mu san nauyinsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Bahaushe, a nan kuwa jinkar ta zahiri ce.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba kuɗin ba ne. Ta wace ƙofa mutanen suka fice? Wasu masana biyu na Birtaniya, David Voas da Alasdair Crockett, sun bi diddigin iyalai suka fitar da sakamako a 2005. Sun gano cewa idan uwa da uba duka masu addini ne, kusan rabin 'ya'yansu ne kawai ke riƙe addinin. Idan ɗaya ne daga cikinsu, sai rabon ya sake rabewa biyu. Idan kuwa babu ko ɗaya, da wuya ɗa ya kama addini da kansa. Wato ba taron jama'a ne suka tashi rana guda suka yi ridda ba. Kaka tana zuwa kowace Lahadi. Ɗiyarta tana zuwa ranar Kirsimeti da ranar biki. Jika kuwa bai taɓa shiga ba sai ranar jana'izar kakar, bai ma san lokacin da ake miƙewa da lokacin da ake zama ba. Babu wanda ya yi faɗa da kowa. Kowane tsara ya ɗan sassauta ne kaɗan, yana ganin abin da ya rage ya isa, kafin a farga ɗaki ya zama kango.

Tarayya a majami'a ba baƙon abu ba ne a Turai, sai dai dalilinta na da daban yake da na yanzu. A garin Bautzen na gabashin Jamus akwai babbar majami'a da Katolika da mabiya Martin Luther suke raba ta tun 1524, wato shekara bakwai kacal bayan Luther ya fara bore wa Fafaroma. Katolika suka riƙe gaba, mabiya Luther suka riƙe baya inda ya fi faɗi, aka gitta shingen ƙarfe a tsakani, kowane ɓangare da bagadinsa da abin kiɗansa, aka kuma rubuta yarjejeniyar lokuta. Shingen a da ya ninka tsayin mutum. Sai a shekarun 1950 aka rage shi ya dawo daidai ƙugu. Shekara 500 ke nan ana zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

'Yan'uwanmu masu karanta shafin Faransanci na wannan mujalla, musamman mazauna wajen Strasbourg, suna iya ganin irin wannan da idonsu. Bayan da Sarki Louis na 14 ya mamaye yankin Alzas, a 1684 aka ba da umarni cewa duk ƙauyen Furotesta da aka samu gidaje bakwai na Katolika, tilas a sakar masu gaban majami'ar. Ba a tambayi masu ginin ba. Abin da ya biyo baya shi ne shekaru na ƙorafi da kai ƙara: wa ya wuce lokacinsa, wa ya kaɗa ƙararrawa, wa ya matsar da benci. Ƙauyuka da yawa, da suka samu hali, sai suka gina ta biyu kowa ya huta. Duk da haka kimanin 50 sun rage har yau, kamar ta ƙauyen Hunawihr, kuma jikokin waɗanda suka yi ta shari'a da juna yanzu su ne ke haɗa kuɗin gyaran rufi.

Labarin Heidelberg ya fi ban mamaki. A 1706 aka gina bango a tsakiyar babbar majami'ar garin, aka raba ta biyu. A 1719 sarkin yankin, Karl Philipp, wanda Bakatolike ne, ya sa aka rushe bangon don ya mallake ginin duka. Sarakunan Furotesta na maƙwabta suka taso masa, dole ya mai da bangon. Don haushi ya kwashe fadarsa kacokan ya koma Mannheim a 1720. Bango guda ya raba gari da sarautarsa. Ba a kawar da shi har abada ba sai a 1936. Yanzu a kwatanta da wata majami'a da aka gama ginawa a 2004 a sabuwar unguwar Rieselfeld ta birnin Freiburg. Ita tun daga zane aka yi ta don ɗarikokin biyu, ɗakin Katolika a gefe, na Furotesta a gefe, bangayen tsakiya kuma a kan dogo suke, ana tura su. Ranar da kowa ke son nasa sai a rufe, ranar babban taro sai a buɗe ya zama zaure guda. A ganinmu bambancin a bayyane yake. Tarayyar da sarki ya tilasta ta haifi gaba mai tsawo, wadda rashi ya tilasta kuwa ta zo da sauƙin kai, domin babu mai sauran ƙarfin da zai yi taƙama da shi.

Duk wanda ya yi maganar ɗarikoki a ɗaki guda bai ambaci Birnin Ƙudus ba, bai gama ba. Majami'ar da Kirista suka yi imani a nan kabarin Annabi Isa (AS) yake, ɗarikoki shida ke zaune a cikinta: Girkawa, da Katolika, da Armeniyawa, da Ƙibɗawan Masar, da Habashawa, da Suryaniyawa. Kowane ginshiƙi, kowace fitila, kowane matakin bene yana da mai shi. Sarakunan Usmaniyya ne suka daskarar da tsarin, Sultan Abdulmajid ya ƙara tabbatar da shi a 1852, cewa kada a taɓa komai sai da yardar kowa. Saboda haka akwai wani tsani na katako jingine a ƙarƙashin taga tun ƙarni na 18, an rasa mai ikon ɗauke shi. A 2002 wani malamin Ƙibɗawa da ke zama a kan rufi ya ja kujerarsa zuwa inuwa, Habashawa suka ce ya shigo haddinsu, aka ba hammata iska har mutum 11 suka kwana a asibiti. Ba muna faɗin wannan don dariya ba, ko da yake sai mutum ya danne. Harshe da haƙori ma suna saɓawa.

Abin lura shi ne mabuɗin wannan ƙofa a hannun Musulmi yake. Gidan Judah ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba kuma su ke buɗewa da asuba su rufe da dare, gado ne da ake dangantawa da zamanin Salahuddin, wanda ya karɓi birnin a 1187. Ɗarikoki shida sun fi amincewa da baƙo a kan junansu, baƙon kuma bai ci amana ba tsawon ƙarnoni. Tushen wannan ladabi sananne ne a tarihinmu. An ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya karɓi birnin, lokacin salla ya riske shi a cikin majami'ar, babban limaminta Sofroniyus ya ce ya yi a nan, ya ƙi, ya fita waje, don gudun kada Musulmin baya su ce nan Umar ya yi salla su ƙwace wurin. Da aka zo gyaran ɗakin kabarin a 2016 zuwa 2017, bayan da gini ya kusa ruftawa ya tilasta manyan ɗarikokin uku suka sa hannu a takarda guda, Sarki Abdullahi na Jodan yana cikin waɗanda suka ba da gudummawa daga aljihunsu.

Kada mu ɗauka mu Musulmi ba mu taɓa sanin irin wannan zama ba. Mai Wurno gari ne na hanyar hajji. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka a nan bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906. Waɗanda Allah ya nufa daga cikinsu suka ƙarasa Makka a waɗancan shekaru, sun tarar da Masallacin Harami da maƙamai huɗu kewaye da Ka'aba: na Malikiyya, na Shafi'iyya, na Hanafiyya da na Hambaliyya. Kowace mazhaba da limaminta, ana salla bi da bi. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, wanda ya yi hajji a ƙarshen ƙarni na 12, ya ba da labarin yadda da magariba, saboda ƙurewar lokaci, limaman ke tayar da salla lokaci guda, har mamu ya rikice ya yi ruku'u da kabbarar limamin da ba nasa ba. An yi ƙarnoni a haka. Sai a 1926, a zamanin Sarki Abdul'aziz, aka haɗa jama'a bayan liman ɗaya. Duk da saɓanin mazhaba, ba a ji wanda ya ce bari ya fita ya gina tasa Ka'abar ba.

To, mu a yau ina muka dosa? Turawa suna haɗe gine-gine, mu muna rarraba su. A mazhabar Malikiyya da iyayenmu suka karantar da mu a zaure, asali shi ne Juma'a ɗaya a gari ɗaya, kuma idan aka ƙara wani masallaci ba tare da larura ba, Juma'a ta tsohon ce. Birnin Kano da girmansa, har zuwa shekarun 1960 masallacin Juma'a guda ya ishe shi. Gaskiya ne jama'a sun ninka, garuruwa sun faɗaɗa, kuma malamai sun yarda cewa ƙuncin wuri da nisa larura ce. Wannan babu gardama. Amma kowa ya san unguwar da masallatai biyu ke kallon juna, lasifikar wannan na shiga cikin karatun wancan, alhali kowanne sahu biyu ne da asuba. Ba cunkoso ne ya gina na biyun ba. Tun rikicin ƙabalu da sadalu na shekarun 1950, zuwa kafa Izala a Jos a 1978 da takaddamar da ta biyo baya tsakaninta da 'yan ɗariƙu, zuwa rabewar ita kanta Izalar gida biyu, Jos da Kaduna, kowane saɓani sai da ya bar mana tubali da siminti a bayansa. Mu nan Sudan ma ba a bar mu a baya ba, tsakanin Ansarus Sunna da mutanen ɗariƙa. Ba mu ɗora wa wani ɓangare laifi shi kaɗai ba, kowa ya taɓa.

Haka Kiristocin Ingila suka yi a ƙarni na 19, lokacin da suke da jama'a da kuɗi. Ƙauye ƙarami sai ka ga ɗakunan ibada uku ko huɗu, Metodis kaɗai sun kasu kashi-kashi, kowane kashi da nasa gini, ana gasar wa ya fi tsawon hasumiya. Waɗannan gine-gine ne jikokinsu suka gada suka kasa riƙewa, wasu suka zama shaguna, wasu gidajen kwana, wasu ma mashaya. Wanda ya gina don ya ɓata wa ɗan'uwansa rai, bashi ya bar wa magadansa.

Akwai kuma darasin da ba sai mun ƙetare teku ba, yana nan a bakin koginmu. Idan ka bi Shuɗin Nilu ka gangara, dab da Khartum za ka iske Soba. Nan ce hedikwatar daular Alwa, daular Kirista wadda ta yi ƙarnoni da majami'unta da limamanta, kafin ta faɗi wajen lokacin da Funj suka kafa Sinnar a 1504. Wani limamin Fotugal mai suna Francisco Alvares, wanda ya zauna a fadar Habasha a shekarun 1520, ya rubuta cewa ya ga mutum shida sun zo daga ƙasar Nuba suna roƙon sarki ya ba su malaman da za su koya masu addininsu. Sarki ya ce ba shi da na bayarwa, shi ma daga Masar ake aiko masa da babban limaminsa. Suka koma hannu rabbana. A lokacin gine-ginen suna nan tsaye, masu karantarwa ne babu. Mu dai muna gode wa Allah da ya sa Musulunci ya gaji wannan ƙasa. Amma mai hankali zai lura da yadda abin ya faru, don ba a rubuta cewa wata al'umma ce kaɗai hakan ke iya samu ba. Yau Soba tudun jan bulo ce da masu tonon tarihi ke haƙa.

A ƙasashenmu na Afirka da na Larabawa, idan ka ga ɗarikoki sun haɗu a gini guda, galibi dalilin akasin na Turai ne, mutane ne suka fi wurin yawa. Masu zuwa neman abinci a Dubai sun san harabar cocin Angalika da ke can, inda ƙungiyoyi barkatai na Indiyawa da Filifinawa da 'yan Afirka ke karɓar ɗakuna awa-awa, saboda filin da hukuma ta ba da kaɗan ne. A nan Sudan, bayan ɓallewar Kudu a 2011, gwamnatin wancan lokaci ta sanar a 2013 cewa ba za ta ƙara ba da izinin gina sabuwar kanisa ba. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kuwa, wanda ya ci Wad Madani a ƙarshen shekarar ya iso jiharmu ta Sinnar a 2024, bai tambayi masallaci ko kanisa ba, ya kuma koya wa dubban iyalai kwana a ajin makaranta guda da mutanen da ba su taɓa sani ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da kowa gidansa.

Sauran magana ta 'yan'uwanmu da ke zaune a Turai ce, don su abin ya fi shafa kai tsaye. Da yawa daga tsofaffin majami'un Landan da Paris, in ka leƙa da yammacin Lahadi, 'yan Nijeriya da Gana da Kongo ne suka cika su da ganguna, sun karɓi haya daga tsofaffin Turawan da suka yi tasu ibadar da safe su ashirin. Jikokin waɗanda 'yan mishan suka je wa wa'azi su ne ke biyan kuɗin wutar cocin da ya aiko 'yan mishan ɗin. Wasu gine-ginen kuma sun zama masallatai. Na unguwar Brick Lane a Landan, Furotestan Faransa masu gudun hijira ne suka gina shi a 1743, ya koma hannun Metodis, ya zama wurin ibadar Yahudawa a 1898, sannan Musulmin Bangaladash suka mai da shi masallaci a 1976. A Hambug ta Jamus, wata majami'a da aka daina amfani da ita a 2002 ta zama masallacin An-Nur a 2018.

A nan muke jan hankalin matasanmu da su iya bakinsu. Muna ganin yadda wasu ke yaɗa hotunan irin waɗannan wurare a Facebook da WhatsApp da kalaman cin nasara, kamar an ci gari da yaƙi. Ba a ci kowa da yaƙi ba, saye aka yi daga hannun mutanen da ke cikin baƙin ciki. Tsohuwar da aka ɗaura mata aure a wannan ɗaki, aka yi jana'izar mijinta a cikinsa, tana nan a unguwar, ita ce maƙwabciyar masallacin. A 2015, da shugaban Babban Masallacin Paris na lokacin, Dalil Boubakeur, ya faɗa a wata hira cewa ana iya mai da majami'un da ba kowa su zama masallatai, ƙasar ta ɗauki zafi, aka yi takardar koke wadda har tsohon shugaban ƙasa Sarkozy ya sa wa hannu, mutanen da ba su taka coci ba shekara da shekaru suka fito kare shi. Sai da ya janye maganar. Mutum yana iya barin gidan ubansa ya zama kufai, amma ranar da ya ga baƙo a ciki sai jininsa ya motsa. A sani kuma, a Faransa majami'un da aka gina kafin dokar 1905 mafi yawansu mallakar hukumomin garuruwa ne, ba a sayar da su yadda ake sayar da kanti.

Alheri ma ana samunsa, kuma ya kamata a faɗe shi. A 2013 a garin Aberdeen na Sikotland, wani limamin coci mai suna Isaac Poobalan ya ga Musulmin ƙaramin masallacin da ke jikin cocinsa suna salla a waje cikin tsananin sanyi saboda wuri ya kasa, ya buɗe masu ƙofa ya ba su sashe. Ya sha zagi daga wasu mutanensa, bai fasa ba. A watan azumin 2020, lokacin annobar korona da dokar ba da tazara, wata majami'ar mabiya Luther a unguwar Kreuzberg ta Balin ta karɓi masallatan da masallacinsu ya kasa ɗauka, aka yi Juma'a a ciki.

Wanda irin wannan tayi ya same shi zai so sanin hukunci. A Malikiyya salla a cikin kanisa makaruhi ce, haka yake a Risala da Mukhtasar, kuma malamai sun ambaci dalilin gumaka da hotuna da shakkar tsarkin wuri, sun kuma sassauta ga wanda larura ta kai shi, kamar sanyi ko ruwan sama ko tsoro. Bukhari ya kawo cewa Ibn Abbas (RA) yakan yi salla a majami'a in dai babu gumaka a cikinta. Yawancin abin da ake ba jama'armu a Turai ma ba ɗakin ibadar ba ne, zauren taro ne da ke gefe, wanda babu komai a bangonsa. Duk da haka kowace jama'a ta koma ga malaminta da bayanin wurin dalla-dalla kafin ta amsa. In an amsa kuma, a rubuta yarjejeniya, a biya abin da aka ce a kan lokaci, a tashi a kan lokaci, a jera takalma inda ba za su tare hanya ba, a naɗe tabarmi a share wurin kafin masu shi su dawo.

Nan za mu dakata. Masu son aiko da tambaya ko ƙarin bayani, musamman mazauna Alzas da suka taɓa shiga ɗaya daga majami'un nan na tarayya, ƙofar wannan fili a buɗe take ta hannun edita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.